Sarkin da Ba Ya Mutuwa da Ƙasar da Ta Daina Motsi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada a cikin Birni ranar hawan Salla ya ji yadda ake gaida Sarkin Damagaram: algaita tana tashi, dogarai suna buɗe hanya, jama'a suna ɗaga hannu suna cewa ran sarki ya daɗe, Allah ya ja zamani. Addu'ar tsawon rai ce, amma ban taɓa jin wanda ya roƙa wa sarki dawwama ba, kuma ita kanta kalmar zamani tana tafe da ƙarshenta, tunda Bahaushe ya riga ya ce sarki goma zamani goma. Marubutan ƙagaggun labarai, musamman masu gina duniyoyin da babu su a taswira, sun daɗe suna gwada wata tambaya da ba mu saba yi ba: me zai faru idan aka cire wannan ƙarshen, aka bar sarki ɗaya da zamani ɗaya har illa ma sha Allahu? Amsar da suke kawowa kusan iri ɗaya ce duk da nisan da ke tsakanin ƙasashensu da ƙarnukansu. Ƙasar tana daskarewa. Ba a sabon tunani, ba a sabuwar sana'a, ba a sabon gida mai faɗa a ji, kuma jikan jikan talaka yana noma gonar da kakansa ya noma, da irin fartanyar da ya yi amfani da ita, yana biyan haraji ga mutumin da kakan nasa ya biya.

Mai karatu yakan yi saurin ɗora laifin a kan muguntar sarkin, domin yawancin waɗannan sarakuna an zana su azzalumai. Ni a ganina muguntar ado ce kawai da marubuci ke ƙarawa don labari ya yi armashi. Ko da sarkin adali ne, daskarewar za ta zo, domin abin da ke motsa siyasa shi ne sanin da kowa ke da shi cewa kujerar za ta koma hannun wani, kuma da zarar an cire wannan sanin an cire dalilin da ke sa mutane su yi shiri, su ƙulla ƙawance, su koyi mulki, su kuma faɗa wa mai mulki gaskiya.

Haɗuwar dawwama da mulki tsohon buri ne, kuma mu Musulmi mun san inda aka fara ambatonsa. A cikin Suratu Ɗaha, aya ta 120, abin da Shaiɗan ya yi wa Annabi Adamu waswasi da shi abu biyu ne a jere: itaciyar dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa. Wannan wahayi ne, ba a haɗa shi da ƙage, amma yana nuna mana cewa burin da marubuta ke wasa da shi a takarda yana da saiwa mai zurfi a zuciyar ɗan Adam. A adabin Farisa, Firdausi, wanda ya kammala Shahnama a shekarar 1010, ya ba da labarin Zahhak, sarkin da ya yi shekara 1000 a kan karaga, da macizai biyu da suka tsiro a kafaɗunsa waɗanda ba sa lafawa sai an ciyar da su ƙwaƙwalwar samari biyu kowace rana. Ban san wani hoto da ya fi wannan bayyana lamarin ba. Abin da mulkin da ya ƙi ƙarewa ke ci shi ne matasa, kuma a jikin matasan ma ƙwaƙwalwarsu, wato daidai wurin da sabon abu zai iya fitowa.

Don a gane abin da ke ɓacewa, sai a dubi yadda sarauta ke aiki a inda sarki ke mutuwa, kuma tarihin garinmu ya isa misali. A ƙarni na 19 ƴaƴan Sarki Sulaimanu biyu, Ibrahim da Tanimun, sun yi ta jayayya a kan gadon Damagaram, wannan ya hau wancan ya sauka, Borno tana sa hannu, kafin Tanimun ya zauna daram ya yi mulki na wajen shekara 30 har zuwa 1884. Jayayyar ta ci rayuka, ba na musun haka. Amma a lura da abin da ta tilasta wa kowane ɗan sarki: dole ya nemi mutane. Dole ya san wane mai sarauta ne ke fushi, wane malami ake jin maganarsa, waɗanne fatake ne ke son a gyara musu hanyar Tarabulus, kuma dole ya yi musu alkawarin abin da mai ci yanzu ya hana su. Bafaden da aka wulakanta yau yana da inda zai jingina, domin akwai Yarima ko Ciroma mai jiran gado, kuma shi sarkin da ke kan karaga ya san haka, saboda haka yakan auna kafin ya wulakanta kowa. Tanimun da ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya kuma ɗaukaka bayin sarki zuwa manyan muƙamai don rage ƙarfin ƴan uwansa na jini, mutum ne da ya ɗanɗana rasa mulki, ya san cewa abin da aka ƙwace sau ɗaya ana iya sake ƙwace shi. Rashin tabbas ɗin nan ne ya sa shi ƙirƙira.

To, a cire gado gaba ɗaya. Babu Yarima, domin babu abin da zai gada. Masu zaɓen sarki sun zama masu riƙe da muƙamin da ba shi da aiki. Wanda bai gamsu da yadda ake tafiyar da ƙasa ba ba shi da wani mutum da zai je wurinsa, kuma ba shi da wata shekara da zai ce bari in yi haƙuri har ta zo. Haƙuri a siyasa yana da ma'ana ne idan akwai abin da ake jira. Idan babu, hanya biyu ce ta rage wa mai ƙorafi: ko ya sunkuya har ya mutu, ko ya nemi rushe duniyar baki ɗaya. Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyu, wato shawara da ciniki da sulhu da jan hankali da canza sheƙa, wanda shi ne ainihin abin da muke kira siyasa, sai ya bushe, a bar fadanci kaɗai. Shi ya sa a cikin irin waɗannan labarai manyan gidaje suke ta faɗa da juna a kan wanda zai fi kusa da kunnen sarki, faɗan da zai iya ɗaukar ƙarni guda ba tare da ya canza farashin hatsi ko dokar gona ba. A littafin Brandon Sanderson na 2006, Mistborn, sarkin da ya shekara 1000 yana mulki yakan bar gidajen masu sarauta su kashe juna lokaci bayan lokaci, domin ya san cewa duk wanda ya yi nasara a cikinsu a ƙarƙashinsa zai kwana.

Akwai kuma batun buƙata. Sarki na gaske ba ya iya yaƙi shi kaɗai, ba ya iya tara haraji shi kaɗai, kuma ba ya iya tuna kowace shari'a da aka yanke kafin a haife shi. Saboda haka yana buƙatar barade da alƙalai da magatakarda da attajirai, kuma duk wanda ake buƙata yana da bakin magana. Yawancin abin da talakawa suka taɓa samu daga masu mulki a tarihi sun same shi ne a ranar da mai mulki ya zo neman kuɗinsu ko ƴaƴansu don yaƙi. Shi kuwa sarkin ƙage, wanda marubuci yakan haɗa masa rashin mutuwa da ƙarfin da ya fi na runduna, ba ya zuwa neman komai. Shi ne sojan kansa, shi ne kundin tarihin kansa, shi ne kotun ƙarshe. Mai mutuwa yakan rubuta doka ne domin yana son abin da ya tsara ya rayu bayansa, kuma dokar da ya rubuta don ɗaure magajinsa takan juyo ta ɗaure shi. Wanda ba shi da bayansa ba shi da dalilin rubuta abin da zai ɗaure kowa sai talaka.

Inda lamarin ya fi ba ni sha'awa shi ne lissafin tsoro, domin a nan ne ake ganin cewa hana sabon abu ba wauta ba ce daga wurin irin wannan sarki. A ɗauka wani sabon abu ya bayyana a ƙasa, ko bindiga ko na'urar buga littafi ko sabuwar hanyar fatauci, wanda zai ƙara arziki amma yana da haɗarin ɗaya cikin 1000 a kowace shekara na zama sanadin kifar da mulki. Sarkin da ke sa ran shekara 20 a kan karaga haɗarinsa gaba ɗaya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma zai karɓi abin hannu bibbiyu don ribar da ke ciki. Amma idan shekarun 1000 ne, wannan ƙaramin haɗarin ya zama kashi 63 cikin 100, idan kuma 3500 ne ya kai kashi 97. Ga wanda ba ya mutuwa, duk abin da zai iya faruwa wata rana tamkar ya riga ya faru ne, saboda haka hankalinsa yana gaya masa ya kashe kowace tartsatsi tun tana ƙarama. Sanderson ya fahimci wannan, shi ya sa sarkinsa ya danne ilimin albarushi, domin baka tana buƙatar horo na shekaru amma bindiga ko bawa zai iya koyon harba ta cikin ƴan kwanaki. A duniyar wasan Warhammer 40,000, wanda aka fara fitarwa a Ingila a 1987, abin ya wuce nan: sarkin yana zaune a kan karagar zinariya shekara 10,000, bai mutu ba kuma bai rayu ba, ana sadaukar masa da mutum 1000 kowace rana don na'urar da ke riƙe da shi ta ci gaba da aiki, masu kula da injuna kuwa suna yi musu addu'a da shafa mai ba tare da sun san yadda aka ƙera su ba, kuma ƙirƙiro sabo laifi ne na ridda. A nan ma ba sarkin ne ke mulki ba, tunda ba ya magana. Manyan fadawa ne ke mulki da sunansa, kuma rashin mutuwarsa ya fi yi musu amfani fiye da kowa, domin babu wanda zai iya ƙalubalantar umarnin da aka ce daga bakinsa ya fito, babu kuma ranar da sabon sarki zai zo da nasa mutanen.

Wani abin da ke mutuwa shi ne tunawa. A wurinmu maroƙi da makaɗin fada suna jero sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane ya yi shekara kaza, sai wane ya gaje shi. Muna ɗaukar wannan a matsayin yabo, amma yaron da ke saurare yana koyon wani darasi ba tare da an faɗa masa ba, cewa waɗannan duka sun zo sun wuce, kuma ƙasa ta taɓa zama a wani hali dabam. Jerin sunayen kansa hujja ce cewa canji yana yiwuwa. A ƙasar da sunan ɗaya ne tak, babu jeri, babu a da, kuma mutane sukan daina kallon sarki a matsayin mutumin da ya yanke shawara, su koma kallonsa kamar rana ko hunturu, abin da ba a yi wa ƙorafi. Daga nan zuwa bauta masa taki ɗaya ne, kuma kusan duk marubutan nan sun taka shi. Frank Herbert, a littafinsa na 1981, God Emperor of Dune, ya sa sarkinsa Leto na Biyu, wanda ya yi shekara 3500 yana mulki, ya ƙone masana tarihi tara a kan tarin littattafansu. Shi kuwa Zahhak, da ya ji ƙasa tana gunaguni, sai ya tara manya ya sa su sa hannu a takardar shaidar cewa shi adali ne, kuma maƙerin nan Kawa, wanda aka cinye masa ƴaƴa, abin da ya fara yi shi ne yaga takardar a gaban fada kafin ya ɗaga fatar da yake ɗaurawa a maƙera ya mai da ita tuta.

Jonathan Swift ya duba lamarin ta wata fuska a 1726, a cikin tafiye-tafiyen Gulliver. A wani tsibiri akan haifi mutane jefi-jefi waɗanda ba za su mutu ba, amma suna tsufa, kuma da yake harshen ƙasar yana canzawa, bayan shekara 200 ba sa iya hira da maƙwabtansu, sai su zama baƙi a garin haihuwarsu. Dokar ƙasar ta tanadi cewa da zarar ɗayansu ya cika shekara 80 a ɗauke shi matacce a idon shari'a, magadansa su raba dukiyarsa, a hana shi riƙe muƙami da sayen ƙasa, domin in ba haka ba a hankali za su mallake komai su kuma riƙe mulkin da ba za su iya tafiyarwa ba. Abin lura shi ne mutanen tsibirin da suka rasa mutuwa ta halitta sai suka ƙirƙiro ta da doka. Ƙayyade wa'adin shugaba a kundin tsarin mulki na zamani aiki iri ɗaya yake yi.

Dole in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin yana da hujja mai nauyi. Masanin tattalin arziki na Amurka Mancur Olson ya kawo ta a 1993 da misalin ɓarayi biyu: mai wucewa yakan kwashe komai ya ƙone saura, amma wanda ya yanke shawarar zama a wurin yakan bar wa manomi iri, domin yana son ya samu abin karɓa baɗi. Manomin Damagaram ya san wannan ba tare da littafi ba, tunda wanda aka ba aron gona na damina ɗaya ba ya kai mata taki kamar mai ita. Idan haka ne, sarkin da ba zai taɓa tafiya ba shi ne ya fi kowa dalilin raya ƙasa, kuma ya kawar da yaƙin gado da ke cin rayuka. Herbert ya bi wannan hujjar har ƙarshenta. Leto ya kawo zaman lafiya na dubban shekaru, ya riƙe sinadarin da tafiya tsakanin taurari ta dogara da shi, ya zaunar da mutane a ƙauyukansu, babu yaƙi babu yunwa mai tsanani. Sai dai marubucin ya sa shi kansa Leto ya san cewa wannan zaman lafiyar kurkuku ce, kuma da gangan yake matse ɗan Adam don idan ya faɗi su watse su ƙi yarda da mai mulki ɗaya har abada. Har mutuwarsa, da ya faɗa kogi daga kan gada, sakamakon shirin da shi ya share wa hanya ce. Ke nan sarki marar mutuwa mafi hangen nesa da aka zana ya kai ga cewa alherinsa mafi girma ga jama'arsa shi ne ya mutu.

Raunin hujjar Olson a nan shi ne tana ɗauka cewa abin da ke amfanar ƙasa a nesa shi ne ke amfanar mai mulki a nesa. Haka ne a kan hatsi da dabbobi, amma ba haka ba ne a kan mutane, domin jama'ar da ta yi arziki ta yi ilimi takan fara tambaya, kuma lissafin da na kawo a sama yana gaya wa sarkin ya tsayar da ita kafin ta kai can. Zai so ƙasa ta ƙoshi, ba zai so ta girma ba. Ana ba da labarin cewa Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya ba gona taki, ya kuma ba dabba abinci da rani. Wanda ya kare irin wannan itace yana yi ne don waɗanda za su zo bayansa, kuma tunanin na baya yana shiga zuciyar wanda ya san zai bar wurin ne. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ce daula tana da shekaru kamar mutum, yawanci ba ta wuce tsara uku, wajen shekara 120, kafin jin daɗi ya kashe haɗin kan da ya kafa ta wasu su zo su maye gurbinta. Ana iya karanta wannan da baƙin ciki, amma a cikinsa akwai hanyar da jinin ƙasa ke sabuntuwa. Sarkin ƙage yana tsayar da wannan juyin a matakinsa na ƙarshe, matakin tsufa da tsoro, ya riƙe shi a nan shekara dubu.

Ba don nishaɗi kawai marubuta ke komawa ga wannan jigo ba, kuma mu da muke Afirka ba mu buƙatar a fassara mana shi. Hastings Banda ya zama shugaban Malawi na har abada a 1971, bai sauka ba sai 1994. Habib Bourguiba ya samu irin wannan laƙabi a Tunisiya a 1975. A Koriya ta Arewa tsarin mulkin 1998 ya naɗa Kim Il Sung shugaba na dindindin shekara 4 bayan rasuwarsa. A nan Nijar mun ga tazarce a 2009, da ƙuri'ar raba gardama ta watan Agusta wadda ta ƙara wa shugaba shekara 3, da juyin mulkin da ya biyo baya ranar 18 ga Fabrairu 2010. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kuɓuce wa mutuwa, amma wanda ya yi niyyar zama har abada yakan fara yin abin da marar mutuwa zai yi tun yana da rai: ya hana kowa tsayuwa kusa da shi, ya mai da maganar magaji laifi, ya kori duk wanda aka fara gani kamar zai iya. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya zauna da samarin da ke shan shayi a fadojin unguwannin Zango da Birni, wato majalisun hirarsu, ya san cewa abin da ya fi cin ransu shi ne jiran da ba a faɗa musu ranar ƙarewarsa ba.

Inda nake ganin yawancin labaran suna yi wa mai karatu rowa shi ne a wayewar garin da sarkin ya faɗi. Jarumi ya kashe dodo, an yi guɗa, an rufe littafi. Amma ƙasar da ta shekara 1000 babu wanda ya taɓa yanke shawara a cikinta ba ta da alƙalin da ya saba hukunci da kansa, ba ta da hakimin da ya taɓa sasanta makiyayi da manomi ba tare da jiran umarni ba, ba ta ma da hanyar da aka yarda da ita ta zaɓen wanda zai hau. Sanderson ya yi ƙoƙari a nan, domin littafi na biyu a jerin Mistborn ya tsaya ne a kan birnin da runduna uku suka kewaye da majalisar da ba ta san yadda ake majalisa ba, har ta tsige sarkin da ya kafa ta. Tarihi ma ya nuna wannan gurbin. Da Bourguiba ya tsufa har ya kasa aiki, babu zaɓen da zai sauke shi, sai da firaministansa Zainul Abidin Ben Ali ya tara likitoci cikin dare suka sa hannu cewa ba zai iya mulki ba, ranar 7 ga Nuwamba 1987. Ben Ali ya hau yana alkawarin cewa an gama da shugabancin har abada, ya sa aka ƙayyade wa'adi a tsarin mulki, sa'an nan a 2002 ya sa aka cire ƙayyadewar, ya zauna shekara 23 har jama'a suka fito titi suka kore shi a watan Janairu 2011.